Shekara 220 Ana Neman Sunan Ɗorawa

Daga ƙarshen hunturu zuwa shigowar bazara, lokacin da gonakin ƙasar Daura suka zama fili, babu kara babu ciyawa, ɗorawa takan yi adon da ke raba ta da duk itacen da ke kewaye da ita. Jajayen ƙwallaye sukan sauko daga rassanta, kowanne rataye a doguwar igiya kamar tuntun hula. Bayan 'yan makonni furen ya kaɗe, dogayen kwanso su maye gurbinsa, a cikinsu ga garin nan rawaya mai zaƙi, ga kuma kalwar da ake daddawa da ita. Ɓawon kwanson ma ba a zubarwa, da shi ake makubar da ke ƙarfafa daɓe da katanga. Dattijon Zango ko na Sandamu ba ya bukatar matsawa kusa kafin ya faɗi sunanta. Daga nesa yake gane ta.

Amma a littattafan masana tsirrai, wannan itace da kakanninmu suka sani ciki da bai ya daɗe yana baƙo. An fara rubuta masa suna a 1763, ba a kuma daidaita a kan sunan da ya dace da ɗorawar ƙasar Hausa ba sai a 1983. A tsakanin nan an canza mata gida sau biyu, an ɗauke ta a matsayin wata bishiyar ta daban, an kuma raba ta biyu sannan aka sake haɗe ta. Tarihin wannan kai-komo shi ne tarihin yadda ake gane itacen da ba a sani ba ta hanyar siffofinsa: me ake dubawa, me ake fara dubawa, kuma a ina ido yake yaudarar mai shi.

Baƙuwa a tsibiran Karebiyan

Abin mamaki na farko shi ne wurin da aka raɗa mata sunan kimiyya. Michel Adanson, Bafaranshen da ya zauna a Sanigal wajen shekara biyar, ya ambace ta a littafinsa na 1757 da sunan da mutanen can suke kiran ta. Amma wanda ya fara yi mata suna bisa sabon tsarin da Linnaeus ya kafa a 1753 shi ne Nikolaus von Jacquin, wanda sarkin Ostiriya ya aika tsibiran Karebiyan tsakanin 1755 da 1759 don ya tattaro tsirrai. A can, hayin tekun Atilantika, ya tarar da ita. Masana sun fi karkata ga cewa jiragen cinikin bayi ne suka ƙetara da irinta, kamar yadda suka ƙetara da mutanen da suka san amfaninta.

Jacquin ba shi da wanda zai tambaya a kan asalinta, don haka ya dogara da abin da idonsa ya gani. Ganyen ya rabu sau biyu: babban sanda ya fitar da ƙananan sanduna, kowane ƙaramin sanda kuma ya jera 'yan ganyayyaki hagu da dama. 'Ya'yan a cikin kwanso suke kamar wake. Furanni ƙanana ne, ɗaruruwa, cunkushe a kai guda. Waɗannan siffofi uku sun isa ya sa ta a gidan da a lokacin ake kira Mimosa, wanda ya tattara dangin bagaruwa da makamantansu. Da ya zo neman laƙabin da zai bambanta ta, sai ya lura kan furen kamar dunƙule biyu ne, babba a ƙasa, ƙarami a wuya. Ya kira ta biglobosa, wato mai ƙwallo biyu.

Tsarin Linnaeus bai yi nisa da yadda muke kiran mutane ba. Kowane tsiro yana da sunan gida da laƙabinsa na kansa, gidaje masu kusanci kuma su taru su zama dangi. Laƙabin da Jacquin ya bayar ya zauna har yau. Sunan gidan ne ya yi ta canzawa. A 1806 wani masani na Jamus, Willdenow, ya mayar da ita gidan Inga, wanda itatuwansa na Kudancin Amurka ne. Har zuwa lokacin, kusan duk wanda ya yanke hukunci a kanta bai taɓa ganin ta tsaye a gonar gero ba.

Daga Katagum zuwa teburin Robert Brown

A 1822 wasu 'yan Birtaniya uku, Denham da Clapperton da likita Walter Oudney, suka taso daga Tarabulus suka ratsa Sahara. A Fabrairun 1823 suka isa Kukawa wurin Shehu Laminu, garin da shi kansa sunan kuka ya ci. Oudney ne mai tattara tsirrai a cikinsu. Yakan tsinki reshe mai ganye da fure, ya danne shi tsakanin takardu har ya bushe, ya rubuta inda ya samo shi. Bai kai Kano ba. Ya rasu a Murmur kusa da Katagum a Janairun 1824. Clapperton ya ci gaba shi kaɗai, ya shiga Kano a watan, ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Maris, ya biyo ta Katsina a hanyar dawowa.

Abin da ya tsira na tsirran, kimanin iri 300, kuma 'yan kaɗan ne a cikinsu daga ƙasar Hausa, ya ƙare a teburin Robert Brown a Landan. Brown yana cikin manyan masana tsirrai na zamaninsa. Shi ne wanda daga baya ya raɗa wa cibiyar ƙwayar halitta suna, kuma ɗaliban kimiyya har yau suna karanta motsin ƙananan ƙwayoyi a ruwa da sunansa. A bayanin da ya rubuta a ƙarshen littafin tafiyar, wanda ya fito a 1826, ya tsaya a kan wani itace da Clapperton ya ce mutanen ƙasar suna kira Doura. Wannan ba shi da alaƙa da birnin Daura. Kunnen Bature ne ya ji ɗorawa ya rubuta abin da ya iya. Clapperton ya kuma kawo bayanin yadda ake sarrafa kalwa har ta ruɓa a yi curi da ita don miya, wanda ke nuna ya ga daddawa da idonsa.

Brown ya haɗa abu uku: busasshen samfurin da ke gabansa, zanen da aka yi a baya, da abin da Mungo Park ya rubuta a 1799 game da wani itace mai rawayan gari da mutanen yammacin Mali suke ci lokacin yunwa. Ya ga duk magana ɗaya ake yi. Sannan ya ɗauki fure guda ya duba ta gilashin ƙara girma. Ya lura ɗan kofin da ke riƙe da furen dogo ne kamar bututu, leɓunansa kuma suna hawa kan juna kafin ya buɗe, alhali a sauran dangin bagaruwa gefe da gefe suke haɗuwa. Wannan ɗan bambanci, wanda bai kai ƙwayar gero ba, shi ya sa ya ce itacen ba ɗan gidan Inga ba ne. Ya buɗe masa sabon gida, ya kira shi Parkia don tunawa da Park, wanda ya mutu a Busa a 1806. Ya sa masa laƙabin africana, amma a 1830 aka dawo da laƙabin Jacquin saboda ƙa'idar cewa sunan da ya riga shi ke da haƙƙi. Haka Parkia biglobosa ya samu.

Me ya sa masana suke jingina ga fure haka? Saboda ganye yana bin yanayi. Itace ɗaya zai yi faffaɗan ganye a fadama, ya yi ƙanana a tudu. Tohon kututture yakan fi ganyen tsohon reshe girma nesa. Awaki da gobara da fari duk suna canza surar itace. Tsarin fure da na 'ya'ya kuwa gado ne, ba ya sauyawa don ruwa ya yi ƙaranci. Wanda yake zaune a Landan, ba shi da komai sai busasshen reshe, dole ya nemi siffar da ba ta yaudara.

Idon mai gona

Manomin ƙasar Hausa yana da abin da Brown ba shi da shi, wato shekara sukutum a gindin itacen. Ya san lokacin da yake toho da lokacin da yake kaɗe ganye, ya san ɗanɗanon ɓawonsa da ƙanshin hayaƙinsa, ya san ko gara tana cin sa, ya san ko tumaki suna rububin 'ya'yansa. Wannan sani ya shiga cikin sunayen da kansu. Maɗaci ɗacinsa ya ci, tsamiya tsaminta. Farar ƙaya ta faɗi launin ƙayarta. Jan yaro jan ɓawo gare shi. Wuyan damo ɓawonsa ne ya yi kaushi irin na damo, hantsar giwa kuwa wanda ya taɓa ganin 'ya'yanta suna lilo ba ya tambayar dalili.

Taswirar masarautar Daura ma shaida ce. Cikin ƙananan hukumominta biyar, biyu sunan itace suke amsawa: Mai'aduwa da Ɓaure. Da an ƙetara iyaka zuwa Nijar sai Magarya. A Kano akwai Kurna da Ɗorayi, a Katsina akwai Rimi, a Sakkwato akwai Giginya. Mutanen da suka yi wa garuruwansu suna da itace, sun yi ne da yaƙinin cewa duk matafiyi zai gane itacen idan ya gan shi.

Hausa tana da nata tsarin suna mai gaɓa biyu tun kafin a ji labarin Linnaeus. Akwai magarya, akwai magaryar kura, wadda 'ya'yanta ba su ciyuwa da daɗi. A nan Hausa da kimiyya bakinsu ɗaya, domin dukkansu gidan Ziziphus ne. Amma kama da wane ba wane ba ce. Gwanda da gwandar daji ba su haɗa dangi ba ko kaɗan. Haka kaɗanya da namijin kaɗe, waɗanda daga nesa sai a rantse ɗaya ne saboda dogayen ganyen da ke taruwa a bakin reshe. Idan aka sari kaɗanya farin ruwa kamar nono yake fitowa, namijin kaɗe ba ya yin haka, 'ya'yansa kuma masu fiffike ne. Wanda ya raɗa sunan ya san da bambancin, shi ya sa ya ce namiji, wato mai kama da ita amma ba ya ba da abin da take bayarwa. Sunan Hausa amfani da kama yake bi, ba lallai ya bi jini ba.

Wani wurin kuma Hausa ta fi rarrabewa. Ɓaure da ceɗiya da durumi da gamji kowanne da sunansa da matsayinsa, babu kalma ɗaya da ta tara su. Kimiyya ta dubi farin ruwan da dukkansu suke fitarwa, da 'ya'yansu da furanni ke ɓoye a ciki, ta ce gida ɗaya ne, Ficus.

Su ma sunayen kimiyya ba su tsira daga tuntuɓe ba. Tsamiya 'yar asalin Afirka ce, amma Linnaeus ya kira ta Tamarindus indica, domin ta hannun Larabawa masu ce mata dabinon Hindu Turai ta san ta. Kaɗanya kuwa a 1807 aka yi mata sunan Vitellaria paradoxa daga ƙwallonta kawai, ba a ga ganye ba balle fure. Daga baya wasu suka sake yi mata suna Butyrospermum parkii, aka shekara fiye da ɗari ana amfani da shi kafin a koma ga na farko.

Likitan da ya tambayi mutane

Wanda ya fi kowa ƙoƙarin haɗa idanun nan biyu shi ne John McEwen Dalziel, likita ɗan Sikotlan da ya shiga aikin lafiya na mulkin mallaka a Afirka ta Yamma a 1905. Ya yi aiki a wurare irin su Katagum da Sakkwato da Yola. Hanyarsa mai sauƙi ce. Yakan tsinki samfuri, ya tambayi mutanen wurin sunansa da amfaninsa, ya rubuta a jikin takardar, ya aika lambun Kew da ke Landan a gwada shi da abin da ke ɗakin ajiyar busassun tsirrai. Idan amsa ta dawo, sunan Hausa da na Latin sun haɗu a layi ɗaya.

Ta wannan hanya aka gano cewa wasu itatuwan da kowane mai magani ya sani ba su cikin littafin kowa a Turai. Hano, ko ararraɓi, mai farin ɓawo da ke saɓulewa kamar takarda da ƙaro mai ƙanshi, yana cikinsu. A 1910 John Hutchinson na Kew ya tabbatar ɗan gidan itacen lubban ne, amma iri ne da ba a rubuta ba, ya sa masa suna Boswellia dalzielii. Sunan likitan ya shiga tarihi. Sunayen mafarauta da masu magani da makiyayan da suka nuna masa itacen ba su shiga ba.

A 1916 Dalziel ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, A Hausa Botanical Vocabulary. Daga 1927 zuwa 1936 shi da Hutchinson suka wallafa babban kundin tsirran Afirka ta Yamma, a 1937 kuma ya biyo da littafin amfaninsu. Kusan duk jerin sunayen itatuwa na Hausa da ake yawo da shi a jami'o'inmu yau daga wannan tushe ya tsiro. Duk da haka, a kan ɗorawa an yi kuskure. Littattafan zamanin sun kira ta Parkia filicoidea, sunan wata 'yar uwarta da aka fara samu a Angola, wadda ta fi son kurmi da bakin rafi. Sunan Hausan daidai yake, itacen da ake nufi ma daidai, laƙabin Latin ne aka ara daga maƙwabciya. Shi ya sa mai bincike kan daddawa yau zai tarar da tsofaffin takardun Najeriya suna kiran ta da wannan suna.

Ƙirga ganye

Ronald Keay, jami'in gandun daji da ya zo Najeriya a 1942, shi ya gyara wannan lokacin da yake sabunta kundin a Kew. Ya ga ɗorawar gonakin Arewa ba filicoidea ba ce. Amma da ya gwada ta da samfuran Sanigal da Gini, sai ya ga nasu 'yan ganyayyakin sun fi yawa kuma sun fi ƙanƙanta, namu sun fi girma kuma ba su kai su yawa ba. A 1955 ya yanke cewa iri biyu ne, ya sa wa tamu suna Parkia clappertoniana don tunawa da Clapperton, wanda ya mutu kusa da Sakkwato a 1827. Da wannan suna ne wasu masana biyu a Gana, Baker da Harris, suka ba da rahoto a 1957 cewa jemagu ne suke ɗaukar garin furenta daga itace zuwa itace da dare. Wannan ya fassara dalilin rataye furen a doguwar igiya nesa da ganye, inda mai fiffike zai kai gare shi ba tare da ya sarƙe ba.

Sai a 1983 Helen Hopkins ta sake bin samfura masu yawa daga Sanigal har gabashin yankin. Ta ga girman ganyen da yawansa suna canzawa a hankali daga yamma zuwa gabas, babu wani wuri da za a ja layi a ce daga nan wannan iri ya ƙare. Wanda ya ɗauki samfuri daga wannan ƙarshe da wancan ƙarshe zai ga iri biyu. Wanda ya bi hanyar gaba ɗaya zai ga iri ɗaya mai sauya kama. Aka haɗe su, ɗorawar Daura ta koma Parkia biglobosa, laƙabin da aka yi mata a Karebiyan shekara 220 kafin nan.

Darasin a fili yake. Siffa ɗaya ba ta isa shaida ba, samfuri ɗaya ma haka. Jacquin ya ga fure bai ga ƙasar ba. Dalziel ya san ƙasar da sunan, ya dogara da gwajin da aka yi a nesa. Keay ya ƙirga ganye daidai, sai dai ganye ne abin da ya fi saurin canzawa.

Idan kai ne a gaban itacen

Daga wannan tarihi ana iya fitar da jerin tambayoyin da za su yi wa mutum jagora a ƙasa irin ta Daura, inda irin manyan itatuwan gona ba su da yawan da zai rikita mai lura.

A fara da lokaci da sura. Itacen da ya tsaya tsirara a tsakiyar damina, ya yi kore shar a rani, gawo ne, ba shi da na biyu a wannan hali. Cikin masu kama da dabino, goruba ce take rabuwa reshe biyu-biyu, giginya kuwa sanda ɗaya ce mai kumburi a sama.

Sai ganye, kuma tambayar farko ita ce ko guda ne ko rababbe. Na kalgo guda ne mai tsagi a tsakiya kamar sawun raƙumi. Na aduwa 'yan biyu ne a kan sanda ɗaya, kusa da doguwar ƙaya kore. Na kuka yatsu ne kamar tafin hannu. Tsamiya sau ɗaya ganyenta ya rabu, ɗorawa sau biyu, kuma wannan kaɗai ya raba su ko babu fure. Idan ganyen yana da manyan jijiyoyi uku da suka taso daga gindinsa, ga ƙaya biyu, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya, to magarya ce ko kurna. A juya bayan ganyen: na magarya fari ne mai laushin gashi, na kurna kore ne sumul. Maɗaci da darbejiya dangi ɗaya ne, ga ɗaci duka, amma bakin ganyen darbejiya kamar zarto yake, na maɗaci a shafe.

Bayan nan ɓawo da abin da ke fita idan an ɗan kankare shi: fari kamar nono, ko ja, ko ƙaro, ko babu komai. Sai dai farin ruwa shi kaɗai ba ya wanke itace, domin ɓaure yana da shi, tinya mai ƙona fata ma tana da shi. Daga ƙarshe a nemi fure ko 'ya'ya, ko da busassun da suka zuba a gindi ne, domin su ne alƙalai. Idan babu, a dawo wata uku masu zuwa.

Sannan a yi abin da Dalziel ya yi, a tambayi mutanen wurin, kuma a tambayi fiye da mutum ɗaya, domin suna yana canzawa daga gari zuwa gari. Manhajojin waya irin su PlantNet da Google Lens suna taimakawa, amma da hotunan da aka ɗora musu suke gwadawa, kuma itatuwan Sahel ba su da yawan hotuna kamar na Turai. Amsarsu zato ce da za a bi a tabbatar. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai sayen sassaƙe a kasuwa, inda babu ganye babu fure, sai guntun ɓawo da bakin mai sayarwa. Haka ga makiyayi: samberu, wanda ganyensa guba ne ga dabba, shi ma sau biyu ganyensa ya rabu kamar na wasu itatuwan da ake sarar wa awaki.

Wane ne baƙo yanzu?

Mu ma an taɓa kawo mana itacen da ba mu sani ba. A 1928 aka fara dasa darbejiya a Borno, 'yar asalin ƙasar Indiya da maƙwabtanta. Mutane suka dube ta, suka ga saurin tsawonta, wasu suka ce dogon yaro. Wasu wuraren ana ce mata maina, wasu bedi. Cikin shekarun da ba su kai ɗari ba ta mamaye titunan Daura da harabar makarantu da bakin kasuwanni, har yaron birni ya fi sanin ta a kan kanya da ɗinya da ɗanya. Abin ya juya: baƙuwa ta zama 'yar gida, 'yan gida suna zama baƙi. Daura tana kusa da iyakar arewa ta inda ɗorawa take iya rayuwa, kuma a gonaki da dama tsofaffin itatuwa ne suka rage, ba a cika ganin ƙanana masu tasowa ba.

A nan ne gane itace ya wuce sha'awar masani. A 1983, shekarar da aka rufe muhawarar sunan ɗorawa, wani ɗan Ostireliya mai aikin dashe a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo, ya gaji da ganin dashensa yana mutuwa. Wata rana ya tsaya ya dubi ɗaya daga cikin 'yan kurmusun da ke warwatse a gonaki, waɗanda ake ɗauka ciyayi ne a sare su kowace shekara. Surar ganyen ta nuna masa cewa toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa tana nan da rai a ƙasa. Manoma sun san haka tuntuni. Abin da ya canza shi ne aka fara zaɓar toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Hausawan Nijar suka kira shi sassaben zamani. Binciken da aka yi daga baya ya ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar sun kai kimanin hekta miliyan 5. Cikin wuraren da abin ya fi bayyana akwai Magarya da Matamai, maƙwabtan Zango da Ɓaure na kusa, inda gawo ya sake cika gonaki. Ƙasar ce ta tsohuwar daular Damagaram, wadda Zango da Ɓaure suka zauna ƙarƙashin inuwarta a ƙarni na 19, kuma ruwayoyinta suna cewa Sarki Tanimu ya yi hukunci mai tsanani a kan sare gawo.

Sassaben zamani ba ya yiwuwa sai da ido mai ganewa. Toho ba shi da fure, ba shi da 'ya'ya, ba shi da surar da ake hangowa daga nesa. Ganye ne kawai da ƙaya da launin ɗanyen reshe, wato siffofin da suka fi yaudarar masana. Mai sassabe yana da daƙiƙa kaɗan ya yanke ko wannan gawo ne da zai taki gonarsa, ko aduwa, ko sabara, ko ɗorawar da jikokinsa za su ci kalwarta. Dattawan da suke iya wannan da kallo ɗaya suna raguwa, kuma abin da suka sani bai gama shiga takarda ba. Ƙamus ɗin Dalziel ya haura shekara ɗari, ba a kuma Daura aka tattara shi ba.

Aikin da ya rage ba ya bukatar jirgi zuwa Landan. Malamin kimiyya a sakandaren Mai'aduwa, da ɗalibansa, da wayar hannu, da dattijo ɗaya daga kowace unguwa, za su iya bin itatuwan garinsu ɗaya bayan ɗaya: hoton ɓawo, hoton ganye gaba da baya, hoton toho, watan fure, sunan da ake kira a wurin, da sunan wanda ya faɗa. Wannan na ƙarshe shi ne layin da aka bari babu komai a takardun Kew, kuma shi ne wanda mu kaɗai za mu iya cikewa.